LAFIYA UWAR JIKI: Damuwar Da Haƙuri Kaɗai Ba Ya Maganinta

Bahaushe ya ce haƙuri maganin zaman duniya, kuma ba wanda ya isa ya ƙaryata shi. Da haƙuri ake zaman aure, da shi ake kasuwa, da shi ake jure rashin uwa da uba. Saboda haka idan aka ga mutum ya yi jugum, ya daina walwala, kalmar farko da ke fitowa daga bakin 'yan'uwa ita ce, "Sai haƙuri." Sau da yawa kuwa hakan yakan wadatar, domin baƙin ciki irin na yau da kullum baƙo ne, yakan kwana biyu ya kama hanyarsa. Amma akwai wata irin damuwa wadda idan ta sauka a gida ba ta da niyyar tashi. A ba mai ita haƙuri safe da yamma, a yi masa nasiha, a yi masa faɗa, ba abin da zai ragu, sai ma ya ƙara shigewa ɗaka. Wannan ita ce likitoci ke kira difireshan da Turanci, a Hausance kuma ake ce mata ciwon damuwa. Ciwo ne kamar hawan jini da ciwon sukari: yana da alamu, yana da magani, yana kuma kisa idan aka bar shi. Shi ne abin da filin nan zai duba a wannan mako.

Yawan Masu Fama Da Shi

A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2019, kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da wannan ciwo a duniya, watau kusan mutum biyar cikin kowane baligai 100. Ya kuma fi kama mata, domin inda aka sami maza biyu masu shi, za a sami mata uku. A wani rahoto da hukumar ta fitar cikin 2017, ta ce 'yan Nijeriya fiye da miliyan 7 ne ke ɗauke da shi, kashi 3.9 cikin 100 ke nan na jama'ar ƙasar a wancan lokaci. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki, fiye da kashi 75 cikin 100 na masu ciwon ba sa samun magani ko na anini. Har wa yau, fiye da mutum 700,000 ne ke hallaka kansu a duniya kowace shekara, kuma ciwon damuwa na cikin manyan abubuwan da ke kai su ga haka.

Akwai masu cewa wannan ciwon Turawa ne, ko na 'yan boko da masu kuɗi waɗanda ba su san wahala ba. Abin mamaki, Turawan mulkin mallaka ne suka fara yaɗa irin wannan magana. A 1953 wani likitansu da ya yi aiki a Kenya, mai suna J. C. Carothers, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya littafi inda ya nuna wai da wuya ciwon damuwa ya kama mutumin Afirka. Ɗan ƙasar nan ne ya taimaka wajen rushe wannan zance, watau marigayi Shehun Malami Thomas Adeoye Lambo, wanda ya kama aikin jinyar masu larurar ƙwaƙwalwa a Aro, kusa da Abekuta, a 1954. Binciken da ya yi tare da masanan Jami'ar Cornell ta Amurka a garuruwan ƙasar Yarbawa, wanda aka buga a 1963, ya nuna alamun ciwon na nan a cikin jama'a, illa dai ba a tattara su an ba su suna guda ba. Haka abin yake a ƙasar Hausa: ciwon na nan, sunan ne ya rarrabu.

Tun kafin Turawa ma, magabata sun san shi. Abu Zaid al-Balkhi, wani malami na ƙasar Khurasan wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya yi bayani a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus cewa baƙin ciki iri biyu ne. Akwai mai sanannen dalili, kamar rasuwar masoyi ko asarar dukiya. Akwai kuma wanda ke rufe mutum haka kawai ba tare da ya san mafarinsa ba, ya hana shi kuzari da jin daɗin komai. Wannan na biyun, a ganinsa, tushensa na cikin jiki, kuma yana bukatar magani tare da kyakkyawar hira. Fiye da shekara dubu ke nan da rubuta wannan.

Yadda Ake Gane Shi

Labarin zuciya a tambayi fuska. Likitoci suna da ma'auni: idan mutum ya yi mako biyu ko fiye, kusan kullum, kuma kusan yini guda, yana cikin ƙuncin zuciya, ko kuwa ya daina jin daɗin abubuwan da a da suke faranta masa rai, to, sai a duba sauran alamun. Su ne rashin barci, musamman farkawa tun kafin asalatu a kasa komawa, ko kuwa yawan barci fiye da kima. Rashin cin abinci da rama, ko yawan ci. Kasala da mutuwar jiki ba tare da an yi wani aiki ba. Nauyin magana da tafiya, ko kasa zama wuri guda. Rashin tattara hankali da kasa yanke shawara ko a kan ƙaramin abu. Ganin kai ba a bakin komai ba da ɗora wa kai laifin da ba a yi ba. Sa'an nan yawan tunanin mutuwa. Idan alamu biyar suka haɗu, cikinsu har da ƙuncin zuciya ko rashin jin daɗin nan, kuma suka hana mutum sana'arsa ko karatunsa ko kula da iyalinsa, to, ciwo ya tabbata.

Ya kamata a bambanta shi da jimamin rashi. Matar da ke takaba tana kuka, amma kukan yakan zo ya lafa; idan jikanta ya yi abin dariya takan murmusa, kuma ba ta ganin kanta a matsayin abin ƙyama. Da tafiya ta yi tafiya sai zuciya ta sami sauƙi. Mai ciwon damuwa kuwa, duhun ba ya yayewa: ko albishir aka yi masa da kujerar Makka, fuskarsa ba za ta canja ba. Amma a lura, jimami na iya rikiɗa ya zama ciwon, idan ya daɗe yana ƙaruwa maimakon raguwa.

Sunayen Da Yake Ɓuya A Bayansu

Babbar matsalar ita ce, da wuya mai wannan ciwo ya je asibiti ya ce zuciyarsa ce ba daɗi. Abin da zai faɗa shi ne kansa na zafi, ƙirjinsa na bugawa, wani abu na yawo a jikinsa, gaɓoɓinsa sun mutu, barci ya ƙaurace masa. Ba ƙarya yake yi ba, domin ciwon na taɓa jiki da gaske. Daga nan sai a nufi kemis: yau maganin zazzaɓin cizon sauro, gobe na taifot, jibi na gyambon ciki, gata ƙarin ruwa. A yi gwajin jini a ga ba komai. Idan aka gaji sai a ce ai ba na asibiti ba ne, jifa ne, ko sammu, ko iska. Kafin a farga kuɗi sun ƙare, an sayar da akuya da ɗan kunne, majinyaci kuwa yana nan jiya i yau.

Ga magidanta maza, ciwon yakan fito ta hanyar zafin rai. Alal misali, ɗan kasuwar da ya bar iyalinsa a Arewa yana neman abinci a Agege ko Sabo ta Badun ko Fatakwal, jarinsa ya karye, bashi ya hau kansa, ga kunyar komawa gida hannu rabbana. Ba zai yi kuka a gaban mutane ba, don an ce namiji ba ya kuka. Sai dai a ga ya daina zuwa majalisa, ya daina buɗe rumfa da wuri, abu kaɗan ya hau faɗa. Abokai su ce ya canja hali, alhali kuwa ciwo ne ke cinsa.

Ga mata kuma, akwai lokacin ciki da jego. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 10 cikin 100 na masu juna biyu da masu jego suna kamuwa da ciwon damuwa. Ɗan kuka da sauyin hali a kwanakin farko bayan haihuwa abu ne da aka saba, yakan wuce cikin mako biyu. Amma mai jegon da aka yi suna, aka doshi arba'in, tana nan tana zubar da hawaye, ba ta sha'awar ɗaukar jaririnta, tana cewa ita ba uwar kirki ba ce, wannan tana bukatar likita. Gorin dangin miji ba zai ƙara mata komai ba sai ciwo. Al'adar nan ta zuwa wankan gida, inda uwa da gwaggo ke ɗauke wa mai jego aiki su bar ta ta yi barci, kariya ce babba wadda zaman birni ya fara raunanawa.

Matasa

A nan ne aka fi yin kuskure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin kowane yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma ciwon damuwa na sahun gaba. A ƙididdigarta ta 2021, kisan kai shi ne na uku cikin abubuwan da suka fi kashe 'yan shekara 15 zuwa 29 a duniya. Kafin balaga ciwon na kama yara maza da mata kusan daidai, bayan balaga kuwa 'yan mata sukan ninka samari.

Matashi ba lalle ne ya nuna baƙin ciki ba. Sau da yawa fushi yake nunawa. Yaron da a da yake na ɗaya zuwa na biyar a aji sai ya koma na kusa da ƙarshe. Ya daina ƙwallo, ya rabu da abokai, ya kulle kansa a ɗaki, ya kwana yana latsa waya, ya yini yana barci. Yarinya kuma kullum ciwon kai ko ciwon ciki, a yi mata magana ta fashe da kuka ko ta mayar da baƙa. A gida sai a yanke hukunci: ya lalace, taurin kai ne, ta fara girman kai. A ɗauko bulala. Bulala kuwa ba ta taɓa warkar da zazzaɓi ba, balle wannan.

Abubuwan da ke tunzura ciwon ga matasa sanannu ne: faɗuwa jarrabawar shiga jami'a shekara bayan shekara, zaman kashe wando, mutuwar auren iyaye, cin zali a makarantar kwana, fyaɗe da ake rufewa don gudun abin kunya, auren da ba a so, rayuwar sansanin gudun hijira, da ciwo mai daɗewa irin amosanin jini. Wasu sukan nemi mafaka a shaye-shaye. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano 'yan Nijeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi. A watan Mayun 2018 ne kuma Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Ba kowane mashayi ne mai ciwon damuwa ba, amma akwai da yawa waɗanda damuwar ce ta riga kwalbar zuwa, suna sha ne don su sami barci. Ƙwayar kuwa takan ƙara zurfafa ramin.

Me Ke Kawo Shi?

Ba abu guda ba ne. Akwai gado: binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado na da kimanin kashi 37 cikin 100 na haɗarin kamuwa. Akwai wahalar ƙuruciya, da talauci, da kaɗaici, da zaman gidan da ba kwanciyar hankali. Akwai cututtukan jiki irin su ciwon sukari, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ƙarancin jini, da raunin halittar nan ta wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo; shi ya sa likita kan duba jiki tukuna. An daɗe ana cewa ƙarancin wani sinadari guda a ƙwaƙwalwa mai suna sirotonin ne ke kawo shi, amma masana a yau sun yarda lamarin ya fi haka sarƙaƙiya: jiki da tunani da halin rayuwa ne ke haɗuwa su yi wa mutum taron dangi. Wani lokaci ma yakan zo ba wani dalili na zahiri, ga kuɗi, ga 'ya'ya, ga lafiyar jiki.

Abin da ba ya cikin dalilan shi ne ƙarancin imani. Ciwon na kama liman, yana kama fasto, yana kama mahaddaci. Musulmi da Kirista duk sun san labarin Annabi Yakubu da irin baƙin cikin da ya yi na rabuwa da ɗansa Yusufu, ba kuwa wanda ya ce imaninsa ya ragu. Addu'a na ƙarfafa zuciya, kuma likitan kirki ba zai hana majinyaci ita ba. Amma wanda ya ce wa mai ciwon damuwa rashin tawakkali ne ke damunsa, ya ɗora masa dutse a kan kayan da ya riga ya kasa ɗauka, domin ganin laifin kai na cikin alamun ciwon. Yadda mai hawan jini ke addu'a yana shan ƙwayarsa, haka shi ma wannan.

Maganin Baki

Magani na farko shi ne zama da wanda aka horar, a yi magana bisa tsari. Mafi shahara ita ce hanyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda wani likitan Amurka, Aaron Beck, ya ƙirƙiro a shekarun 1960. Ya lura masu ciwon na da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu ba sallama, irin su "ba ni da amfani" ko "ba abin da zai gyaru." Ana koya wa majinyaci ya kama irin wannan tunani, ya auna shi da hujja kamar yadda alƙali ke auna shaida, sa'an nan ya maye gurbinsa da abin da ya fi kusa da gaskiya. Ana kuma tsara masa komawa harkokinsa kaɗan-kaɗan, kada ya jira sai ransa ya so: yau ya fita ƙofar gida, gobe ya je masallaci ko coci, jibi ya leƙa gona ko shago. Yawanci akan yi zama sau ɗaya a mako, na 'yan watanni.

Kada a ce wannan sai ƙasar Turai. A Zimbabuwe, inda ake kiran ciwon da kalmar da ke nufin yawan tunani, Dokta Dixon Chibanda ya fara wani shiri a birnin Harare a 2006: aka horar da tsofaffin mata, aka ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitoci, suna zama da masu damuwa har sau shida suna taya su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon gwajin da aka buga a 2016 ya nuna bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin 100 ne kaɗai na waɗanda suka zauna da tsofaffin ke da sauran alamun ciwon, alhali a ɗaya rukunin kusan rabi ne. A nan gida kuma, Shehun Malami Oye Gureje na Jami'ar Badun ya jagoranci wani gwaji a ƙananan asibitocin birnin, wanda aka buga a 2019, inda ma'aikatan lafiya na matakin farko, waɗanda ba likitoci ba, suka yi jinyar masu ciwon fiye da 1,000 bayan an horar da su. Bayan shekara guda kimanin uku cikin huɗu sun warware.

Maganin Sha

Idan ciwon ya yi tsanani, akan haɗa da ƙwaya. An gano irin waɗannan magunguna ne a shekarun 1950, lokacin da wani likita a Suwizalan, Roland Kuhn, ya lura da amfanin imifiramin. Biyu da aka fi samu a asibitocin ƙasar nan su ne amitiriftilin, wanda tsoho ne mai araha, da fuluwoksetin, wanda aka amince da shi a Amurka a 1987 da sunan Prozac. Wani babban nazari da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2018, wanda ya tattara gwaje-gwaje 522 a kan mutum fiye da 116,000, ya nuna duka magunguna 21 da aka duba sun fi ƙwayar da ba magani a cikinta aiki ga manya.

Akwai abubuwa huɗu da ya wajaba iyali su sani. Na ɗaya, maganin ba ya aiki nan take. Yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci shida, kafin a ga sauƙi. Sannu ba ta hana zuwa. Na biyu, a kwanakin farko yana iya kawo bushewar baki, jiri, tashin zuciya ko yawan barci, waɗanda galibi sukan lafa. Idan sun matsa, a koma wa likita ya canja, domin idan wannan bai karɓi mutum ba wani zai karɓe shi. Na uku, idan an ji sauƙi ba a dainawa. Akan ci gaba aƙalla wata shida bayan warkewa, sa'an nan likita ya riƙa ragewa a hankali. Masu ajiye kwalbar da wuri, sau da yawa ciwon yakan dawo musu. Na huɗu, waɗannan magunguna ba sa bugarwa kuma ba sa sa jaraba irin ta kodin. Ƙwayoyin barci irin su Valium, waɗanda wasu ke saye a kemis ba takardar likita, su ne ke kama mutum, kuma ba sa maganin ciwon damuwa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A gaya wa likita idan akwai ciki, ko shayarwa, ko ciwon zuciya, ko shaye-shaye. A kuma gaya masa idan majinyacin ya taɓa yin kwanaki cikin zumuɗi fiye da kima, ba barci, ga surutu, ga ɓarnar kuɗi, domin wannan alama ce ta wani ciwo dabam mai hawa da sauka, wanda maganinsa dabam ne. Ga wanda ciwon ya kai shi ga daina ci da sha, ko magunguna suka gaza, akwai jinyar lantarki da ake yi a manyan asibitoci bayan an sa mutum barci, kuma ta ceci rayuka da dama.

Sha'anin matasa yana da nasa ƙa'idoji. Maganin baki ake fara yi musu, tare da gyara abin da ke damunsu a gida ko makaranta. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a yi wa yaron da bai kai shekara 12 ba maganin wannan ciwo da ƙwaya. Ga wanda ya haura haka kuwa, idan ta kama dole, fuluwoksetin ne aka fi amincewa da shi. Wani gwaji da aka yi a Amurka kan matasa 439, aka buga a 2004, ya nuna kashi 71 cikin 100 sun sami sauƙi da aka haɗa musu ƙwaya da maganin baki, kashi 61 da ƙwaya kaɗai, kashi 35 kuma da ƙwayar da ba magani a cikinta. A shekarar ce kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa a makonnin farko na shan maganin, tunanin hallaka kai na iya ƙaruwa ga wasu 'yan ƙalilan cikin yara da matasa. Saboda haka uwa ko uba ne za su riƙe maganin, su riƙa bayarwa da hannunsu, su sa ido sosai a watan farko.

Ina Za A Nufa?

Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci ƙwarai. Ƙungiyarsu ta bayyana a 2022 cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Amma ba sai an ga ɗayansu za a fara ba. Likitan babban asibiti na iya gano ciwon ya fara magani, ya tura gaba idan ya fi ƙarfinsa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Jihar Sakkwato, Maiduguri, Dawanau ta Kano, Yaba ta Ikko, Aro ta Abekuta, Inugu, Binin da Kalaba, ga kuma sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Jos da Badun. Shiga waɗannan wurare ba ya nufin hauka. Akasarin masu zuwa, ganin likita suke yi su koma gida a ranar. Doka ma ta canja: a watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma hana nuna wa masu irin wannan larura bambanci.

Aikin Iyali

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hikimar Lambo a Aro ita ce bai raba majinyaci da danginsa ba: yakan saukar da shi a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin tare da wani ɗan'uwansa, ana jinya ana zaman gida. Mai ciwon damuwa ba shi da ƙarfin kai kansa asibiti, ciwon ma yakan raɗa masa cewa ba amfani. Wani ne zai kama hannunsa.

Farkon abin shi ne tambaya cikin taushi, sa'an nan a yi shiru a saurara. Uwa ta ce, "Auta, kwana biyu na ga ba ka cin abinci, ba ka fita. Zo ka zauna, gaya mini abin da ke ranka, ba faɗa zan yi ba." Matar gida ta ce, "Malam, na ga barci ya gagare ka. Don Allah mu je a duba ka, ko don yaran nan." Inda kunya ta shiga tsakani, kamar tsakanin iyaye da ɗan fari, sai a nemi kawu ko gwaggo, ko kuma kaka, wadda wasan da ke tsakaninta da jika kan buɗe bakin da ya ƙi buɗuwa ga kowa. Kalmomin da za a guje wa su ne "me ka rasa?" da "wasu sun fi ka shiga uku" da "cire abin a ranka." Da yana iya cirewa da ya cire tuntuni.

Akwai alamun da ba a jira da su gobe: mutum ya riƙa cewa gara ya mutu ya huta, ko ya zama kaya ga mutane; ya fara rabar da abubuwan da yake ji da su; ya bi mutane yana neman gafara ba tafiya a gabansa; ko ya yi wani irin sanyi farat ɗaya bayan doguwar damuwa. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin hallaka kansa. Bincike ya tabbatar da cewa tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Idan ya amsa, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da maganin ƙwari da gubar ɓera da tarin ƙwayoyi da makami daga gidan. A kai shi asibiti mafi kusa a ranar, ko a kira lambar gaggawa ta 112. Irin wannan hali yakan zo ne ya wuce, kuma mafi yawan waɗanda aka tsallakar da su ba sa mutuwa ta wannan hanya daga baya.

Kimanin rabin waɗanda suka taɓa yin ciwon yakan sake dawo musu, don haka wanda ya warke ya riƙe alamunsa na farko, ya kiyaye barcinsa, ya riƙa motsa jiki, kada ya yanke zumunci, ya koma asibiti da zarar ya ji ƙamshinsa. Haƙuri na nan da matsayinsa: haƙurin jiran magani ya kama jiki, haƙurin komawa asibiti wata bayan wata, da haƙurin zama da majinyaci ba tare da gori ba. Wanda bai dace ba shi ne haƙurin zuba ido, ana kallon ɗa ko miji ko mai jego suna narkewa a ɗaka alhali magani na nan. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya ƙara wa masu ita.